St. Louis: filin ƙwallon da aka gina a kan kufan unguwar baƙar fata

Ranar 4 ga watan Maris na 2023, mutum 22,423 suka cika sabon filin ƙwallon ƙafa na birnin St. Louis da ke jahar Missouri a tsakiyar Amurka. Shi ne wasan farko da ƙungiyar St. Louis City SC ta buga a gida a gasar MLS, babbar gasar ƙasar, kuma ta doke Charlotte da ci 3 da 1.

Kwana 16 kafin wannan dare an yi wani taron a kusurwar filin ta kudu maso yamma, wanda bai kai na ƙwallon hayaniya ba. An ƙaddamar da ginshiƙan dutse guda takwas domin tunawa da Mill Creek Valley, unguwar da mutum kusan 20,000 suka zauna a cikinta kafin hukuma ta rushe ta. Ranar taron, 16 ga Fabrairu, ta zo daidai da cika shekara 64 da fara rusau ɗin. Cikin waɗanda suka halarta har da tsofaffin da suka yi ƙuruciyarsu a unguwar.

Masu zanen gine-gine na yawan kawo wannan fili a matsayin misalin yadda za a gina wurin wasa a tsakiyar gari ba tare da ya zama katanga tsakanin unguwanni ba. Masana tattalin arziki kuma na tambayar ko akwai filin da ya taɓa tayar da garin da mutanensa suka watse. Tsoffin mazauna wurin na da tasu tambayar: wa ya ci moriyar ƙasar da aka kore su daga kanta?

Unguwar da katafila ta share

St. Louis na bakin kogin Misisipi. A farkon ƙarni na 20, baƙaƙen fata da suka baro jahohin kudancin Amurka don neman aiki da gudun wariya sun yi ta kwarara zuwa birnin, amma ba ko'ina aka yarda su zauna ba. A 1916 mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'ar raba unguwanni bisa launin fata. Bayan kotu ta soke irin wannan doka, sai masu gidaje suka koma rubuta sharaɗi a takardun filaye cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba. Shari'ar da ta karya lagon wannan sharaɗi a Kotun Ƙolin Amurka a 1948, wato Shelley da Kraemer, daga St. Louis ta taso.

Wannan ƙuntatawa ce ta cunkusa jama'a a Mill Creek Valley. Gidajen tsofaffi ne na jan bulo, da yawa ba su da banɗaki a ciki, kuma masu su ba sa gyara su. Duk da haka unguwa ce mai rai: majami'u 43, shaguna da ma'aikatu sama da 800, ofisoshin likitoci da lauyoyi, jaridar St. Louis Argus, da makarantar sakandare ta Vashon. Josephine Baker, wadda daga baya ta yi suna a Faransa, a nan ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta.

A 1954 magajin gari Raymond Tucker ya sanar da shirin share unguwar da sunan sabunta birni. A shekarar da ta biyo baya masu zaɓe suka amince da ciyo bashin da za a yi aikin, gwamnatin tarayya kuma ta ƙara kuɗi. Daga Fabrairun 1959 katafila ta shiga, aka baje sama da hekta 180. Kashi 95 cikin ɗari na waɗanda aka tayar baƙar fata ne, shi ya sa jama'arsu suka riƙa cewa shirin na kawar da baƙar fata ne kawai aka sauya masa suna.

Da yawa sun koma arewacin birnin. Wasu aka kai su dogayen benayen gwamnati irin su Pruitt-Igoe, waɗanda su ma aka fara rushewa a 1972. Wurin da aka share ya daɗe fayau, har mutanen gari suka laƙaba masa sunan Hiroshima. Daga baya babbar hanyar mota ta ratsa ta ciki, Jami'ar Saint Louis ta faɗaɗa harabarta. Kusurwar da filin ƙwallon yake a yau kuwa hanyoyin hawa da sauka aka shimfiɗa a kanta, domin wata babbar hanyar da aka tsara amma ba a taɓa ginawa ba. Shekaru da dama babu komai a wurin sai kwalta, ciyawa da wuraren ajiye motoci.

Birnin kansa ya yi ta raguwa. Ƙidayar 1950 ta samu mutum 856,796 a St. Louis, ta 2020 kuma 301,578. Mutane sun koma garuruwan kewaye, inda jimillar yankin ta kai kimanin miliyan 2.8, suka bar tsakiyar gari da benaye babu masu haya.

Wanda maciji ya sara

Kafin a kai ga zane, sai da aka yi rigimar kuɗi, kuma mutanen St. Louis na da dalilin yin taka-tsantsan. A 1995 birnin da gundumar da ke kewaye da shi da gwamnatin jaha suka gina katafaren fili mai rufi da kuɗin jama'a, kimanin dalar Amurka miliyan 280, domin ƙungiyar Rams ta ƙwallon zari-ruga irin na Amurka. A Janairun 2016 mai ƙungiyar, Stan Kroenke, wanda magoya bayan Arsenal suka sani sarai, ya kwashe ta ya koma Los Angeles. Aka bar jama'a da biyan bashin fili babu ƙungiya har zuwa 2021. A ƙarshen shekarar ce Kroenke da hukumar gasar suka amince su biya diyyar dala miliyan 790 don a janye ƙara.

Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu. A Afrilun 2017, lokacin da wasu attajirai suka nemi birnin ya zuba dala miliyan 60 a gina filin ƙwallon ƙafa, kashi 53 cikin ɗari na masu zaɓe suka ce a'a. A rana guda kuma suka amince da ƙarin haraji don faɗaɗa jirgin ƙasan cikin gari. Mutane da yawa sun ɗauka batun MLS ya mutu ke nan.

Abin ya yi wa masoya tamaula ciwo, domin St. Louis tsohon gari ne a harkar. Lokacin da Amurka ta ba duniya mamaki ta doke Ingila da ci 1 da nema a Gasar Kofin Duniya ta 1950 a Brazil, biyar daga cikin ƴan wasa 11 ƴan St. Louis ne, akasarinsu daga unguwar ƴan asalin Italiya. Jami'ar Saint Louis ta lashe kofin jami'o'in ƙasar sau 10. Ga kuma dubban ƴan Bosniya da suka sauka birnin bayan yaƙin ƙasarsu a shekarun 1990, waɗanda ƙwallo ke cikin jininsu.

A 2018 iyalan Taylor, masu kamfanin hayar motoci na Enterprise, suka haɗa kai da Jim Kavanaugh na kamfanin World Wide Technology, suka ce za su gina filin da kuɗinsu. Ranar 20 ga Agustan 2019 MLS ta ba su gurbi. Carolyn Kindle ce ke jagorancin ƙungiyar, wadda ta zama ta farko a gasar da mata ke da rinjayen hannun jari. Aikin ya ci kimanin dala miliyan 458, wato sama da miliyar 250 na sefa, ban da dala miliyan 200 na kuɗin shiga gasar.

Sai dai hakan bai nufin jama'a ba su sa komai ba. Majalisar birnin ta yi wa aikin rangwamen harajin gini na shekara 25, ta yafe haraji a kan kayan aikin da aka saya, ta kuma ba da izinin ɗora ƙarin haraji a kan abin da ake sayarwa a cikin filin don biyan wani ɓangare na aikin. Masu ƙungiyar sun nemi rangwamen dala miliyan 30 daga jaha, aka ba su miliyan 5.7. Bambancin da na Rams shi ne, idan ginin ya buƙaci gyara gobe, nauyin yana wuyan masu shi.

Filin da ba shi da baya

Kamfanoni biyu suka yi zanen: HOK, wanda aka kafa a St. Louis a 1955, da Snow Kreilich na birnin Minneapolis ƙarƙashin Julie Snow. An fara aiki a Fabrairun 2020, ana dab da kullen korona, aka buɗe ranar 16 ga Nuwamban 2022 da wasan sada zumunci da Bayer Leverkusen ta Jamus. Da farko an sa masa suna Centene Stadium, aka koma CityPark kafin buɗewa, tun daga 2025 kuma ana kiran sa Energizer Park.

Shawara mafi girma da masu zanen suka yanke ita ce tona ƙasa. Ciyawar da ake buga ƙwallo a kanta tana ƙasa da titi da kimanin mita 12. Mai shigowa daga titi ba ya hawa bene kafin ya ga fili, yana wuce ƙofa zai hango ciyawa a ƙasansa, kujerun farko kuma sauka ake yi zuwa gare su. Hakan ya rage tsayin ginin, bai danne gine-ginen da ke maƙwabtaka da shi ba. Hanyoyin hawa da saukar da aka cire dama a cikin kwari suke, sai masu zanen suka yi amfani da ramin da suka tarar.

Shawara ta biyu ta shafi bayan gida. Kowane babban fili na da gefen da ake ɓoyewa, inda manyan motoci ke sauke kaya, ake tara shara, ake ajiye injina. Unguwar da ta faɗo wannan gefen ita ke shan wari da ƙara. A St. Louis an tura duk wannan ƙarƙashin ƙasa, ta wata hanya da aka haƙa a ƙarƙashin titin Market. Saboda haka duk gefe huɗu fuska ne, ana shiga ta ko'ina. Kusurwoyin ma a buɗe aka bar su: mai tafiya a titi yana leƙen ciki, na ciki kuma yana ganin benayen gari.

Rufin shimfiɗaɗɗe ne mara kauri, a kan siraran ginshiƙan ƙarfe, kamar rumfar ƙofar gida. Yana kare ƴan kallo daga rana da ruwa, yana kuma maido da ihu cikin fili. An lulluɓe shi da goran ruwa mai sheƙi domin ya yi kama da Gateway Arch, bakan ƙarfen nan mai tsayin mita 192 da ke bakin kogi, wanda shi ne tambarin birnin. Akwai doguwar hanyar lambuna da ta taso daga bakan ta nufi yamma, filin ƙwallon ne ya rufe ɗaya ƙarshenta.

Ba babban fili ba ne. Filin Janar Seyni Kountché na Yamai ya fi shi ɗaukar jama'a. Ƙanƙantar da gangan aka yi ta: babu kujerar da ta wuce kimanin mita 37 daga bakin ciyawa, kuma a bayan raga ta arewa an ware wa magoya baya sama da 3,000 wurin tsayuwa mai tsananin gangara, da ƙarfen dafawa a kowane layi. Fili mai kujera 22,000 da ke cika kowane mako ya fi mai 60,000 da rabinsa ke fayau armashi, a ido da kuma a talabijin. Ƙungiyar ta ce cikin awa 24 na farko da ta buɗe rajista a 2020, an ajiye kuɗin kama kujera sama da 50,000.

Ƙungiyar ba ta kai wurin atisaye bayan gari ba, kamar yadda akasarin ƙungiyoyi ke yi. Filayen atisaye uku, makarantar horar da matasa da ofisoshi duk suna ƙetaren titin Market, a harabar da jimillarta ta kai kimanin hekta 12. Dalilin shi ne a samu masu kai da kawo a unguwar kowace rana. Abinci ma an bai wa gidajen cin abinci na garin su riƙa sayarwa a ciki, ciki har da Balkan Treat Box mai girkin yankin Bosniya. Tashar jirgin cikin gari ta Union Station na kusa, ana iya zuwa wasa ba tare da mota ba.

Wasa 17 a shekara

A fagen wasa, shekarar farko ta zarce zato. Ƙarƙashin koci Bradley Carnell ɗan Afirka ta Kudu, ƙungiyar ta lashe wasanni biyar na farko, abin da wata sabuwar ƙungiya ba ta taɓa yi ba a gasar, ta kuma ƙare a saman rukunin yamma kafin Sporting Kansas City ta fitar da ita a zagayen sili-ɗaya-ƙwale. Filin ya karɓi wasannin gasar Gold Cup a 2023, sannan wasan kusa da na ƙarshe tsakanin Amurka da Guatemala a 2025.

A kewayen filin ma an ga motsi. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Union Station, wadda aka buɗe a 1894, ta samu gidan kallon kifaye da babban lilo a 2019. Katafaren sito na Butler Brothers, wanda ya daɗe a rufe, an maida shi gidajen haya kusan 400 a 2023. A shekarar ce kuma aka buɗe otal a tsohon ginin YMCA na titin Locust. A ranar wasa, wuraren cin abinci da shan lemo na kusa ba su da masaka tsinke.

Amma gasar MLS wasa 34 ce a kaka, 17 kawai a gida. Ko an haɗa da na kofuna da na ƙungiya ta biyu, ranakun da filin ke shiru sun ninka na wasa sau da yawa. A nan ne masana tattalin arziki ke ja da baya. Tun daga binciken da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka jagoranta a 1997, har zuwa bitar da J.C. Bradbury, Dennis Coates da Brad Humphreys suka yi wa nazarce-nazarcen shekara 30, sakamakon kusan ɗaya ne: filayen wasa ba sa ƙara wa birni arziki ko ayyukan yi yadda ake alkawari. Dalilin mai sauƙi ne. Iyalin da suka kashe kuɗi a filin ƙwallo ranar Asabar, da ba su je ba, da sun kashe shi a silima ko gidan abinci a wata unguwar. Kuɗin wuri ya sauya, bai ƙaru ba. Ayyukan da fili ke samarwa kuma akasari na ƴan awoyi ne, masu ƙaramin albashi.

Akwai kuma wahalar gane abin da filin ya jawo da abin da zai zo ko babu shi. Gyaran Union Station ya riga filin. Maida tsoffin gine-gine gidajen haya kuma ya dogara ƙwarai da rangwamen harajin da ake bai wa masu gyara gine-ginen tarihi.

Tafiyar minti kaɗan gabas da filin, hoton daban ne. Benen AT&T mai hawa 44, wanda aka sayar dala miliyan 205 a 2006, an sake sayar da shi dala miliyan 3.6 a 2024, babu ko ɗan haya ɗaya a ciki. Ginin Railway Exchange, wanda ya mamaye layi guda cur, ya shafe shekaru a rufe. Tun bayan korona, ma'aikatan ofis da yawa ba su dawo tsakiyar gari ba, kuma taron ƴan kallo na ƙarshen mako bai cike wannan giɓi ba.

Ginshiƙai takwas

Damon Davis, mai zane ɗan garin East St. Louis, shi ya ƙera ginshiƙan, ya sa musu suna Pillars of the Valley. Kowanne ya kai kimanin mita huɗu da rabi, an yi shi da baƙin dutse da farar ƙasa, da siffar kwalbar nan mai siririn ƙugu da ake auna lokaci da rairayi. An sassaƙa kalaman tsoffin mazauna a jikinsu, a kusa kuma an jera sunayen mutanen da suka zauna a layin. A gefen filin na yamma an shata iyakokin gidajen da aka rushe, da lambobinsu, domin mai wucewa ya san cewa ƙofar gidan wani yake takawa.

Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin ƙungiyar da hukumar Great Rivers Greenway, mai gina hanyar ƙafa da keke da ake kira Brickline, wadda aka tsara za ta haɗa unguwannin arewa da na kudu da tsakiyar gari. Daga filin, hanyar ta nufi Jami'ar Harris-Stowe, wadda ke cikin tsohon ginin makarantar Vashon, ɗaya daga cikin ƴan gine-ginen Mill Creek Valley da suka tsira.

Shekaru da dama labarin unguwar ya ɓace daga bakin akasarin mutanen birnin. Littafin Vivian Gibson, The Last Children of Mill Creek, wanda ya fito a 2020, ya taimaka wajen dawo da shi. Tana yarinya aka tayar da iyalinta, kuma ta rubuta yadda rayuwa take a layinsu kafin zuwan katafila.

Babu wanda ke zargin masu ƙungiyar da korar kowa. Lokacin da suka zo, shekara 60 ke nan da share wurin. Ba haka lamarin ya kasance a Cincinnati ba, inda gina filin FC Cincinnati a unguwar West End ta baƙar fata, wanda aka buɗe a 2021, ya tayar da wasu ƴan haya da masu shaguna. Amma dalilin da ya sa aka samu hekta 12 fayau a tsakiyar St. Louis shi ne rusau ɗin 1959. Akasarin waɗanda aka tayar ƴan haya ne, don haka diyyar ba hannunsu ta shiga ba. Ƴaƴansu da jikokinsu da yawa suna arewa da titin Delmar, layin da har yau ke raba birnin biyu ta fuskar launin fata, kuɗin shiga da darajar gidaje.

Ga masu tsara birane, St. Louis ta nuna abin da zane zai iya yi: a sauke fili ƙasa, a ɓoye motocin kaya, a buɗe kusurwoyi, a sa shi kusa da tashar jirgi, a bar jama'a su ratsa harabarsa ko babu wasa. Ta kuma nuna cewa ƙin amincewar masu zaɓe a 2017 bai kashe aikin ba, sai ma ya sa aka dawo da tayin da ya fi sauƙi a aljihun talaka. Batun gidaje masu araha, makarantu da ayyukan yi na dindindin kuwa yana hannun majalisar birni, wadda ta shafe shekaru tana ja-in-ja a kan yadda za a kashe kasonta na diyyar Rams.

A ranar wasa, dubban mutane sanye da jajayen riguna na bin titin Market daga tashar jirgi zuwa ƙofofin filin. Masu shiga ta kusurwar kudu maso yamma sai sun ratsa ta gaban ginshiƙan. Wasu na wucewa da sauri don kada a busa usur babu su, wasu kuma na tsayawa su karanta sunayen.